Maharbin Gwaram da Kwanson Harsashi



A ƙasar Amurka akwai wata muhawara da maharba da masu wasan harbi suka daɗe suna tafkawa, wato wane inji ya kamata mutum ya saya idan yana son ya sake wa kwanson harsashi siffa, ya kuma cika shi ya ƙara harbawa. Suna rubuta littattafai a kai, suna musu a kai kamar yadda 'yan acaɓa suke musu a kan Boxer da Jincheng. Bidiyon irin wannan aiki yana yawo a wayoyinmu, ga teburi fes, ga kwanso yana ƙyalli kamar zinariya, ga dattijo yana jan hannun inji cikin natsuwa. Ba wuya ka ji matashi ya kalla ya ce, "Kai, da maharban garinmu za su samu wannan, da sun huta da tsadar harsashi." Mu a namu ganin, wannan inji ba namu ba ne, kuma ba shi ne abin da maharbin Gwaram ko na Birnin Kudu yake buƙata ba. Dalilin da ya sa ba namu ba ne shi muke so mu baje a faifai, domin akwai rayukan mutane a cikin maganar, akwai kuma aikin da ya hau kanmu mu masu riƙe da alƙalami.

Mu fara da kwanson kansa, tunda da yawanmu mun rubuta "ya harba bindiga" sau ɗari ba mu taɓa tambayar abin da ya faɗo ƙasa bayan harbin ba. Abin da muke kira harsashi a dunƙule, abu huɗu ne a haɗe. Akwai ƙwayar da ke fita ta samu abin hari, akwai albarushi, akwai ɗan ƙaramin abin kunna wuta a gindi, sannan akwai kwanso wanda ya rungume su duka. Idan aka ja kunama, ukun farko sun tafi, kwanso ne kaɗai yake saura. A bindigogin da ke harba ƙwaya ɗaya zuwa nesa, galibi da tagulla ake yin kwanson, kuma shi ne ɓangaren da ya fi cin kuɗi. Wannan ya sa Ba'amurke mai yawan harbi ba ya barin sa a ƙasa. Sai dai zafin harbi yana kumbura shi, don haka kafin ya koma bindiga sai an tura shi da ƙarfi cikin wani bututun ƙarfe mai tauri wanda aka rarake cikinsa daidai da siffar da ake so. Injin da ake musu a kansa shi ne mai yin wannan turi.

Sake wa kwanso siffa kuma ya wuce nan. Shi ne a ɗauki kwanson wata bindiga a matse shi ya zama na wata dabam, musamman tsohuwar bindigar da kamfanoni suka daina yi wa harsashi. Kamfanonin ma haka suke yi. Harsashin da ake kira .243, wanda Winchester ya fito da shi a 1955, asalinsa kwanson .308 ne aka tsuke wa wuya. To a nan ne ra'ayin masanan nasu ya kusan zama ɗaya. Akwai inji mai yin aiki ɗaya a kowane ja, akwai mai kai mai juyawa, akwai kuma irin na kamfanin Dillon wanda ke yin ayyuka da yawa a ja ɗaya, ya fitar da ɗaruruwa cikin awa guda. Idan maganar sake siffa ce, sai su ce a bar mai saurin, a nemi mai aiki ɗaya, na baƙin ƙarfe mai nauyi, wanda jikinsa yake a rufe ta ko'ina yadda ba zai lanƙwashe ba idan an danna. Wanda aka fi ambata shi ne Rock Chucker na kamfanin RCBS. Hujjarsu ita ce matsa tagulla yana son ƙarfi da sauraro, hannu ya riƙa jin abin da ƙarfe yake faɗa. Duk maƙerin da ke kasuwar Sara zai gane wannan magana ba sai an yi masa tafinta ba.

Shi kansa RCBS ɗin rashi ne ya haife shi. Wani mutum mai suna Fred Huntington ya kafa shi a garin Oroville na jihar Kalifoniya a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kayan harbi suka yi wa farar hula wuya saboda sojoji sun kwashe. Idan muka tsaya nan sai mu ce ai labarinmu ɗaya, rashi a can, rashi a nan. Amma abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne abin da ke bayan dattijon nan mai jan inji. Dokar ƙasarsa ta yarda ya cika harsashin da zai yi amfani da shi da kansa. Akwai kanti a garinsu da zai sayi albarushin da aka auna ƙarfinsa a masana'anta. Akwai ƙungiyar kamfanonin makamai, SAAMI, wadda tun 1926 take tsayar da awon kowane harsashi da iyakar ƙarfin da bindiga za ta ɗauka. Akwai sikeli mai auna abin da bai kai ƙwayar gero ba. Duk da haka su ma wani lokaci bindiga tana fashe musu a hannu. Injin shi ne ƙaramin abu a cikin wannan tsari, ya fi sauran kyau a hoto ne kawai. Wanda ya ɗauko inji ya baro sauran, ya sayi linzami ne babu doki.

Yanzu mu dawo gida mu duba abin da ke rataye a kafaɗar maharbinmu. Daga Kiyako zuwa Sundimina, daga Basirka zuwa Fagam, mafi yawan abin da za ka gani bindigar toka ce, wadda ake wa kirari da harbi-ka-ruga. Ita ta baki ake ɗura ta. Ba ta da harsashi irin wanda muka zayyana, balle kwanso. An harba sau ɗaya, sai a tsaya a sake ɗuri, abin da ya jawo mata sunan ke nan. Wanda ya ɗan fi ƙarfi shi ne mai bindigar da ake karyawa a saka mata harsashi mai jikin roba, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ke watsa 'ya'yan dalma. Wannan kwanson roba ba a sake masa siffa, kuma injin da Amurkawa ke musu a kansa ba don shi aka yi ba. Wato ko kyauta aka kawo Rock Chucker aka ajiye a zauren sarkin baka, abin da zai yi da shi bai wuce ya danne tabarma kada iska ta ɗauke ba.

Ba kuma lalaci ko rashin basira ne ya tsayar da maharbanmu a kan bindigar toka ba. Siyasa ce ta shekara fiye da ɗari. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a birnin Burasal na Beljiyam suka sa hannu a wata yarjejeniya da sunan yaƙi da cinikin bayi. A cikinta suka taƙaita sayar da bindigogin zamani da harsasansu a mafi yawan Afirka, suka bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin bindigogi masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shekara goma sha uku bayan haka, a 1903, aka ga amfanin abin a ganuwar Kano da filin Sakkwato da Burmi. Yankinmu kuwa, wanda a ƙarni na 19 yake bakin iyakar Kano yana shan hare-haren Ningawa, da baka da mashi da takobi aka fi kare shi. Shi ya sa har gobe shugaban maharba sarkin baka ne, ko da rabonsa da ɗana kibiya ya manta.

Kada wani ya ɗauka baƙar fata bai taɓa sarrafa kwanso ba. Samori Ture, wanda ya yi shekaru yana gwabzawa da Faransawa a ƙasashen da yau suke Gini da Mali da Kwaddibuwa kafin su kama shi a 1898, yana da maƙeran da ke gyara bindigogin Gras na Faransa, har suna kwaikwayon ƙirarsu, suna kuma sake cika kwanson da mayaƙansa suka tsinto. A nan kusa da mu, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, an yi masa igwa da albarushi a cikin birninsa. Amma a lura da abu ɗaya. Duka biyun aikin sarki ne, a ƙarƙashin idon sarki, don rundunar sarki. Ko a wancan zamani ba a bar wannan sana'a a bayan ɗakin kowa ba.

To idan bindigar toka ba ta da kwanso, mai baki biyu kuma nata na roba ne, kwanson ƙarfe da ake tsinta a dazukan Arewa na wane ne? Amsar ba ta da daɗi. Ko na jami'in tsaro ne, ko na wanda jami'in tsaro yake nema. Mutanen Gwaram ba labari aka ba su ba. A watan Afrilu na 2014 wasu mahara suka afka wa garin cikin dare, suka kai wa ofishin 'yan sanda hari, aka rasa rayuka. A watan Yuli na shekarar sojoji suka shiga dajin Balmo da ke maƙwabtaka a jihar Bauchi, suka tarwatsa sansanin 'yan Boko Haram suka kwaso makamai. Irin kwanson da ake sharewa bayan irin wannan dare shi ne irin wanda injin matsi yake aiki a kansa. Saboda haka duk wanda ya ce a kawo wannan inji kudancin Jigawa don a taimaki maharbi, sai mu tambaye shi cikin ladabi, wane maharbi? A ƙasar da mai gaskiya ba shi da bindigar da ke cin wannan harsashi, mutum ɗaya ne injin zai yi wa rana, kuma ba zomo yake nema a daji ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959 kafin samun 'yancin kai, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai irin su mai baki biyu, waɗanda lasisinsu yake hannun sufeto janar na 'yan sanda. Akwai kuma masu ɗuri ta baki, waɗanda lamarinsu yake hannun kwamishinan 'yan sandan jiha da gwamna. Haɗa harsashi ba a wurin da gwamnati ta amince ba laifi ne mai ɗauri mai tsawo. Aikin ƙera harsashi na masana'antar DICON ne da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ita kuma soja da 'yan sanda take kallo, ba mai farautar gada ba.

A nan ne muke raba hanya da masu cewa tunda doka ta hana, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin matashin nan da ya kalli bidiyo ya yi wa maharba sha'awa, ya yi kuskuren magani ne amma bai yi kuskuren ciwo ba. Harsashin roba galibi daga waje yake zuwa. Naira ta faɗi, kantin da ke sayar da shi bisa ƙa'ida ya yi ƙaranci, lasisi ya zama abin da talakan ƙauye yake jin labarinsa kawai. Mutumin da birai suke cinye masa masara, ko wanda aka ɗora wa gadin garken unguwa da dare, ba zai zauna ya naɗe hannu ba. Sai ya koma ga na bayan fage, ko kuma ya tsinci tsohon kwanso a cusa masa abin da aka samu, da ido da ƙiyasi. Bindigar ma sau da yawa daga bututun da ba don harbi aka yi shi ba aka ƙera ta, ba wanda ya gwada iyakar ƙarfinta kafin a miƙa masa. Ranar da abin ya ƙi, a hannunsa take tashi, kusa da fuskarsa. Wanda ya san zaman majalisar maharba ya san ba a rasa mai guntun yatsa ko mai ido ɗaya. Irin wannan rauni kuma sau da yawa ba ya isa babban asibitin tarayya na Birnin Kudu a kan lokaci, saboda mai shi yana tsoron tambayar da za a yi masa fiye da tsoron ruɓewar hannun. Ga ciwo ga ɓoyo.

Abin haushin shi ne ƙasar nan ta san ƙofar gidan maharbi idan ta matsu. A ƙarshen 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, maharba da 'yan banga suna cikin waɗanda suka taya sojoji ƙwato garuruwan arewacin Adamawa. Sunan A'isha Bakari Gombi ya zaga duniya a dalilin wannan aiki. A ƙauyukanmu ma, idan aka sace shanu ko aka ga baƙuwar fuska a bakin daji, kafin a kira kowa maharbi ake tasa. Ana so ya tsaya a gaba da dare, da rana kuma ba a san shi a takarda ba.

Ƙarshen wannan rashin sani mun gan shi a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025. Mafarauta 'yan jihar Kano ne suka taso daga jihar Ribas za su gida yin sallah. Aka tare motar da suke ciki, aka ga bindigogin toka, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16, aka cinna musu wuta. Allah Ya ji ƙansu. Ba mu ce takarda za ta tsayar da taron da ya riga ya yanke hukunci ba, kuma ba mu ɗauke wa waɗanda suka aikata ko ƙwayar zarra ta laifinsu ba. Abin da muke nunawa shi ne, duk mai garkuwa da mutane da ya san aikinsa ba zai fita da harbi-ka-ruga ba. Bindigar da aka gani a motar ita ce shaidar cewa ba su ba ne, amma sai ta zama ita ce hujjar kashe su, domin a idon jama'a bindiga bindiga ce.

Me muke so a yi? Ba sabon abu ba ne. Ita dokar 1959 ɗin ta bar ƙofar ba wa mutum izinin ƙera bindigar ɗuri ta baki da gyara ta. Ƙofar tana nan, ciyawa ce ta rufe ta. Muna da sarkin baka, muna da sarkin maƙera, muna da mai unguwa da dagaci da hakimi har zuwa fadar Dutse, mutanen da suka san wane ne maharbi ɗan maharbi, wane ne kuma ya shigo jiya. A rubuta maharba ta hannunsu. A rubuta maƙeran da ke wannan aiki, kowa a ba shi alamar da zai buga a jikin abin da ya ƙera, yadda idan ta ɓata ko ta yi ɓarna za a san inda ta fito. Mafi muhimmanci, a samar da wurin gwaji. Birnin Bamingam na Ingila, wanda ya daɗe yana ƙera bindigogin da ake kawowa Afirka ta Yamma, tun 1813 yake da gidan gwajin bindiga, inda ake harba kowace da ɗurin da ya fi na yau da kullum a cikin ɗaki mai kauri, ba kowa a kusa. Wadda ta jure a buga mata hatimi, wadda ta fashe ta fashe ita kaɗai. Shekara ɗari biyu ke nan da wani abu. Ba fasahar zuwa wata ba ce, kuma ba ta fi ƙarfin gwamnatin jiha da rundunar 'yan sanda ba. Wanda kuma yake da lasisin mai baki biyu, a sama masa inda zai sayi harsashi da rasit, a ƙidaya abin da ya saya.

Mun san abin da za a ce, kuma masu faɗa ba wawaye ba ne. Za a ce ƙasar da makamai suka yi wa katutu ba ta buƙatar a ƙara halatta ko da bindigar toka. Za a ce maƙerin da ya iya toka gobe zai gwada wadda ta fi ta, kuma an sha kama irinsu. Za a ce farautar ma ta cinye dajin, barewa da gada sun zama labari, ga faɗan da ke tashi tsakanin ƙungiyoyin 'yan farauta idan an fita da rani. Duk gaskiya ne. Amma maƙerin nan yau ma yana ƙerawa, bambancin kawai ba wanda ya san adadi. Wanda yake da suna a littafin hakimi da alama a jikin ƙarfe yana da abin da zai rasa idan ya karkace, wanda yake aiki a ɓoye kuwa ba shi da shi. Maganar namun daji ma, ba ka iya ce wa mutum kada ya yi harbi a wata kaza ko a daji kaza sai ka san sunansa. Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar kula da yaɗuwar ƙananan makamai a 2021. Idan aikinta ya tsaya a ƙona bindigogin da aka kama a gaban 'yan jarida, to ana sare reshe ne kawai, kuma reshen da ya fi sauƙin kamawa kullum na talaka ne.

Saura namu, mu marubuta, don ba mu kawo wannan magana zauren nan don mu zama 'yan majalisa ba. Ku duba abin da ya faru da kalmar 'yan bindiga. A fadar Kano 'yan bindiga dakarun sarki ne, su ne masu barin wuta da bindigar toka ranar hawan sallah, hayaƙi ya turnuƙe, yara suna ihu don murna. Gado ne, abin alfahari. Yau idan rediyo ta ce 'yan bindiga, gaban kowa faɗuwa yake yi. Kalma ɗaya ta haɗiye bawan sarki da maharbi da ɗan banga da ɓarawon daji. Mu kuma muna taya ta haɗiya. A labaran da muke sakawa a waya, bindiga ba ta da iri. Jarumi ya zaro ta ya yi ta harbi har shafi uku ba ɗuri, kamar a fim ɗin Indiya. Maharbi idan ya fito, ko dai boka ne mai layu yana ɓacewa, ko kuma abin dariya mai warin daji. Ba ya da mata da 'ya'ya, ba ya da bashin taki, ba ya lissafin ko harbin nan zai mayar da kuɗin albarushi. Mai karatu da ya tashi a kan irin wannan rubutu, ran da ya ga bindiga a bayan mota me kuke so ya gani?

Sanin abu yana ba labari abin da ƙawa ba za ta ba shi ba. A ce a labarinka an yi harbi a bakin ƙauye da dare, gari ya waye ana zargin wani tsohon maharbi, sai yarinya mai tallan fura ta tsinci kwanson ƙarfe guda uku a gindin kuka. Marubucin da ya san bindigar toka ba ta zubar da kwanso ya riga ya samu labarinsa gaba ɗaya, ya samu wanda aka zalunta, ya samu shaidar da za ta wanke shi, ya samu kuma tambayar wa zai saurari yarinya mai talla. Wanda bai sani ba zai wuce kwanson ya tafi neman aljani ya warware masa ƙulli.

Wannan sani ba ya buƙatar intanet. Birnin Kudu gari ne da mutanen da suka zana shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, suka zana su da kulawar da har yau mai kallo yana gane irin ƙahonsu. Sun kalli abin da kyau kafin su zana. Mu ma mu je maƙera ranar kasuwa mu zauna, mu gaida baba maƙeri, mu taya yaronsa jan zugazugi idan ya yarda. Mu tambayi sunan kowane abu, uwar maƙera da masaba da awartaki, mu ji yadda yake kiran sassan bindiga da bakinsa, domin sunayen da ke bakinsa ba duka ne suka shiga ƙamus ba, kuma suna tafiya tare da tsofaffin. Mu je gaisuwa wurin sarkin baka da goronmu, mu tambaye shi yaushe rabon da ya ga barewa, wa ya koya masa, ya aka yi yatsan nan ya tafi, me yake ji idan ya hango shingen 'yan sanda da bindigarsa a bayan babur. Kada mu tambaye shi yadda ake haɗa albarushi ko awon ɗuri. Ba zai faɗa ba, kuma labarinmu ba ya buƙata. Idan za mu rubuta, mu sauya masa suna da gari, domin har yanzu a idon doka abin da zai gaya mana yana iya kai shi caji ofis.